Lambar oktan: wane man fetur ya dace da motarka, kuma mai tsadar ya fi auki?

Tambaya: Assalamu alaikum, Injiniya. Na sayi mota wadda aka fara hawa a Amurka. A littafinta an rubuta a sha mai mai lamba 87, amma a gidan mai 91, 95 da 98 nake gani. Wani abokina ya ce in riƙa shan 98, wai ya fi ƙarfi, yana wanke injin, kuma ya fi auki a tanki. Ga shi motar tana shan mai fiye da yadda na zata. Wanne ya kamata in sha?

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Ka sha 91, ya wadatar da motarka. Lambar 87 da ka gani a littafin da 91 da ke jikin famfo kusan mai ɗaya suke nufi, ma'aunin ne ya bambanta. Idan ka zuba 98 ba zai cutar da injin ba, amma abu ne mai wuya ka ga ƙarin tafiyar da za ta biya maka kuɗin da ka ƙara. Shan man da ke damunka kuwa, ina kyautata zaton daga wani wuri yake. Abokinka bai yi nufin ɓatar da kai ba, maganar da ya faɗa ta yaɗu ne har tsakanin masu gyaran mota, don haka ya kamata a warware ta daga tushe.

Mu fara da abin da ke faruwa a cikin silinda. Fistin yana sauka ya jawo iska da mai, sai ya hau ya matse su. Dab da ya kai ƙarshen hawansa fulogi ya ba da tartsatsi, wuta ta tashi daga bakin fulogin ta bazu zuwa bangon silinda, ta tura fistin ƙasa. Duk da saurin abin, a tsare yake tafiya, wutar tana cin gaurayen ne daga tsakiya zuwa gefe. To amma kafin ta isa gefen, ragowar man da ke can yana cikin matsi da zafi mai tsanani. Idan man ba shi da juriya, ba zai jira wutar ta iso ba, sai ya kama da kansa ya fashe gaba ɗaya. Girgizar wannan fashewa ce ke dukan kan fistin da bangon silinda, kai kuma a kujerar direba ka ji ƙara kamar ana kaɗa tsakuwa a gwangwani, musamman a hawan tudu ko lokacin da ka taka totur a babbar giya. Wannan ita ce ƙwanƙwasa. 'Yar kaɗan jefi-jefi ba ta kashe injin. Mai ƙarfi da ta daɗe tana iya cinye gefen fistin, ta karya ringi, ta ƙona gaskit.

Lambar oktan juriyar mai ga wannan kamawa da kai take aunawa, ba komai ba. Ba ta auna ƙarfin da ke cikin mai, ba ta auna tsabtarsa. Masanin sinadarai Graham Edgar ne ya kafa ma'aunin a Amurka wajen 1926 zuwa 1927. Ya ɗauki sinadarai biyu: aiso-oktan, mai matuƙar juriya, aka ba shi 100, da heptan, mai saurin fashewa, aka ba shi sifiri. Idan aka ce mai 95 ne, ana nufin a injin gwaji ya jure daidai da gaurayen kashi 95 na aiso-oktan da kashi 5 na heptan. Abin lura shi ne, waɗannan sinadarai biyu da ke nesa da juna a ma'auni kusan zafi ɗaya suke bayarwa idan an ƙona su. Haka ma litar 91 da litar 98, kuzarin da ke cikinsu kusan ɗaya ne.

Rikicin lambobin da ka shiga kuma daga hanyar gwaji ya samo asali. Akwai gwaji mai sauƙi da ake kira RON, inda injin gwajin ke juyawa sau 600 a minti. Akwai mai tsanani, MON, inda yake juyawa sau 900 kuma ana ɗumama gaurayen kafin ya shiga, shi ya sa lambarsa kan sauka da kamar 8 zuwa 10 ƙasa da ta RON. Turai da yawancin ƙasashen duniya RON suke rubutawa a famfo. Amurka da Kanada kuwa haɗa biyun suke yi su raba biyu, su kira shi AKI. Saboda haka 87 na Amurka yana kusa da 91 ko 92 na RON, 91 nasu yana kusa da 95, 93 nasu kuma kusa da 98. Ka sake duba littafin, sau da yawa za ka tarar an rubuta lambobin biyu kusa da juna. Ka duba bayan murfin tanki ma. Hatsarin ya fi yawa ta ɗaya ɓangaren: mai motar Amurka da littafinta ya ce 91, idan ya ga 91 na RON a famfo ya ɗauka ya dace, alhali 95 motarsa ke nema.

Yanzu ga inda maganar abokinka take da ɗan tushe, kuma nan ne nake so ka fahimta sosai. Gaskiya ne akwai alaƙa tsakanin oktan da tattalin mai, sai dai a teburin masu ƙera injin aka ƙulla ta, ba a gidan mai ba. Iya yawan matsin da injin ya yi wa gauraye kafin ya ƙona shi, iya yawan aikin da yake tatsa daga kowace lita. Idan aka ce matsin injin 10 ne bisa 1, ana nufin yana takura gaurayen zuwa kashi ɗaya cikin goma na girmansa. Mai ƙera mota yana son ya ɗaga wannan lamba, abin da ke taka masa birki shi ne ƙwanƙwasa. Idan ya san man da za a zuba mai juriya ne, sai ya ƙara matsi, ko ya sa turbo mai cusa ƙarin iska, ya sami ƙarfi da tattali. Kamfanin Mazda misali ne a fili: injinsa na Skyactiv-G ya fito da matsi 14 bisa 1 a Turai, inda man yau da kullum 95 ne, amma aka sauke shi zuwa 13 bisa 1 a Amurka domin ya iya shan 87. Ka ga ke nan injin ne ke cin moriyar oktan, idan an gina shi don haka. Injin da aka gina wa 91, matsinsa ba zai ƙaru ba don ka zuba masa 98. Juriyar da ka saya ta ƙari za ta ƙone ta fita ta salansa ba tare da an buƙace ta ba.

Motocin zamani sun ƙara wa lamarin wani salo. A jikin injin akwai 'yar na'ura mai sauraron ƙwanƙwasa. Da zarar ta ji, sai ta sanar da kwamfutar mota, ita kuma ta jinkirta tartsatsin fulogi kaɗan. Ƙwanƙwasar ta tsaya, injin ya tsira, amma wutar da ta makara ba ta tura fistin yadda ya kamata, sai ƙarfi ya ragu, shan mai ya ƙaru, hayaƙi ya ƙara zafi. Shi ya sa mai motar zamani zai iya shekara yana zuba man da bai kai ba bai taɓa jin ƙara ba, yana biyan kuɗin a ɓoye.

Daga nan motoci suka kasu. Akwai wadda littafinta ya ce ƙaramar lamba ta isa, irin taka. Ƙungiyar masu motoci ta Amurka, AAA, ta gwada irin waɗannan a 2016, ba ta sami wata riba ta a zo a gani ba daga mai babbar lamba, ko a ƙarfi, ko a tattali, ko a hayaƙi. Akwai wadda aka wajabta mata babbar lamba, galibi masu turbo ko masu matsi sosai. Wannan babu ciniki, a ba ta abin da ta nema. Na fi jin takaicin mai irin wannan motar da ke rage lamba don tsimi fiye da mai ƙara lamba ba dalili, domin na biyun kuɗi kawai ya yi asara, na farkon kuwa yana wasa da injin. Na'urar sauraron tana da iyaka, kuma a rana mai zafi da kaya a hawan tudu ana iya wuce iyakar.

Sai rukuni na uku, wanda ya fi rikitarwa: motar da aka ce an fi son babbar lamba amma ba dole ba. Kwamfutarta tana iya matso da tartsatsi gaba idan ta sami mai mai juriya, don haka a nan ribar ta gaske ce. Tambayar ita ce nawa. A 2017 AAA ta gwada wannan rukunin, matsakaicin ƙarin tattalin da ta samu kashi 2.7 cikin 100 ne, ƙarin ƙarfi kuma kashi 1.4. Lissafin mai sauƙi ne. Idan babbar lamba ta fi tsada da kashi 10 amma tafiyar da ta ƙara maka kashi 3 ce, ka faɗi. Mai irin wannan motar, shawarata gare shi ya sha ƙaramar lamba a zirga-zirgar gari, ya koma babba idan zai ja tirela, ko zai ɗauki kaya mai nauyi, ko zai yi doguwar tafiya mai tuddai cikin zafi.

Batun wanke injin, ba oktan ke wankewa ba. Sinadaran wanki ne da ake ƙara wa mai, masu hana dauɗa taruwa a bakin nozul da bayan bawul. Amurka ta wajabta zuba su a kowane fetur tun 1995, kuma a 2004 kamfanonin BMW, General Motors, Honda da Toyota suka fito da ma'aunin Top Tier, wanda ke neman fiye da abin da doka ta tanada, a dukkan lambobin da gidan mai ke sayarwa, ba babbar kaɗai ba. Wasu kamfanonin mai suna ƙara yawan sinadarin a mai mai tsada, kuma daga nan ne jita-jitar ta sami ƙafa. Amma 91 daga gidan mai mai tsabtar tanki da yawan ciniki ya fi 98 da ya daɗe a ƙasa ko ruwa ya shige shi.

Akwai ma inda babbar lamba ke zuwa da ragin auki. Itanol, wani nau'in barasa da ake samu daga tsirrai, yana da oktan sama da 100, shi ya sa ake gauraya shi da fetur don ɗaga lamba, amma kuzarinsa ya gaza na fetur da kusan kashi ɗaya cikin uku. Man da aka rubuta wa E10, mai kashi 10 na itanol, yana rage tafiya da kamar kashi 3 cikin 100. E85 kuwa ragin yana da yawa, kuma ba a zuba shi sai a motar da aka ƙera dominsa. Wannan kaɗai ya isa ya nuna maka lamba daban, auki daban.

'Yan kwalaben da ake sayarwa da sunan ƙara oktan, ban cika ba da shawararsu ba. Yawancinsu idan suka ce suna ƙara maki uku, kashi uku cikin goma na lamba ɗaya suke nufi, wato daga 91 zuwa 91.3. Masu aiki sosai a cikinsu kuma sukan ƙunshi sinadaran ƙarfe irin su manganis, masu barin jan ƙura a fulogi da lalata na'urar iskar oksijin da matatar hayaƙi. Duniya ta riga ta sha wahalar irin wannan gajeriyar hanya. A 1921 Thomas Midgley na General Motors ya gano cewa ɗan sinadarin dalma yana hana ƙwanƙwasa, aka yi shekaru ana zuba shi a fetur yana guba ga ƙwaƙwalwar yara, kuma sai a 2021 Aljeriya, ƙasa ta ƙarshe, ta daina sayar da shi ga motoci.

Idan wata rana ka sami kanka da motar da ke neman 95 a inda babu sai 91, ka zuba iya abin da zai kai ka gaba, ka tuƙa a hankali, kada ka danne totur, kada ka ja babbar giya a tudu. Da ka sami mai kyau ka cika. Gauraya lambobi biyu ba ta da illa, tsaka-tsaki suke bayarwa.

To ina man naka yake tafiya? Kafin ka zargi komai, ka auna. Gejin mai ba abin dogaro ba ne, kuma ji a jiki ya fi shi ruɗi, domin wanda ya biya kuɗin 98 zuciyarsa na son ta ji motar ta ƙara lafiya. Ka cika tanki har famfo ya katse da kansa, ka mayar da ma'aunin tafiya sifiri, ka yi harkokinka. Idan ka dawo ka sake cikawa haka, ka raba kilomitar da ka yi da litar da ta shiga. Kilomita 480 a lita 40, kilomita 12 ke nan a kowace lita. Tanki ɗaya ba ya ba da gaskiya, ka maimaita sau uku ko huɗu a irin hanyar da ka saba. Idan har kana son gwada maganar abokinka, haka za ka yi wa 98, sannan ka kwatanta kuɗin kowace kilomita, ba yawan kilomitar kaɗai ba.

Babban mai cin mai shi ne ƙafar direba. Alƙaluman Ma'aikatar Makamashi ta Amurka sun nuna cewa tuƙin garaje, wato fizga da taka birki a kai a kai, yana rage tattali da kashi 15 zuwa 30 a babbar hanya, da kashi 10 zuwa 40 a cunkoso. Ka kwatanta da kashi 2.7 da muke ta magana a kai. Duk lokacin da ka taka birki, man da ka riga ka ƙona ne kake mayarwa zafi a birkin. Direban da ke hangen nesa, ya ɗaga ƙafa tun daga nesa idan ya ga danja, ya bar tazara tsakaninsa da na gaba, shi ne mai tsimi na gaske. Kuma ka bar motar a giya lokacin da kake gangarawa. Motar zamani tana yanke mai gaba ɗaya idan ka ɗaga ƙafa tana cikin giya, amma idan ka sa ta a firi dole ta ci gaba da shan mai don kada injin ya mutu, ga kuma hatsarin dogaro da birki kaɗai.

Gudu ma haka. Daga kamar kilomita 80 a awa tattali yake fara zubewa, saboda turjiyar iska ba daidai da gudu take ƙaruwa ba, ninkuwa take yi. Daga 90 zuwa 120 turjiyar tana ƙaruwa da kusan kashi 78 cikin 100, abin da ka samu kuma minti 17 ne a tafiyar kilomita 100. Kayan da aka ɗaura a saman mota suna ƙara ta'azzara wannan, har sukan ci kashi 10 zuwa 25 a babban gudu. Nauyi a but bai kai haka ba, kilo 45 kamar kashi 1 ne.

Iskar taya a duba ta da safe kafin taya ta yi zafi, a bi lambar da ke manne a jikin ƙofar direba, ba wadda ke jikin tayar ba, domin waccan iyakar abin da tayar ke ɗauka ce. Ribar takan kai kashi 3 idan tayoyin sun yi laushi sosai. Barin mota a kunne tana tsaye yana cin kusan lita 1 zuwa 2 a awa, gwargwadon girman injin da na'urar sanyaya ɗaki. Injin zamani ba ya buƙatar dogon ɗumi da safe, rabin minti ya isa, sai a tashi a hankali. Na'urar sanyi kanta tana ci sosai a gajeriyar tafiya cikin tsananin zafi, amma a babbar hanya ta fi buɗe gilasai.

Tunda motarka ta hannu ce, ga inda na fi zargi. Na'urar iskar oksijin da ke jikin salansa ita ke gaya wa kwamfuta ko man ya yi yawa a gauraye. Idan ta mutu, kwamfutar takan zaɓi ta zuba mai da yawa don kare injin, kuma asarar tana iya kaiwa kashi 40. Idan fitilar injin tana kunne a gabanka, kada ka bari a rufe ta ko a goge ta kawai, a sa na'urar bincike a karanta abin da take cewa. Na biyu, ka tambaya ko an cire tamostat, wato bawul ɗin da ke daidaita zafin ruwan injin. Wasu masu gyara suna cire shi da niyyar hana injin zafi, ko su haɗa fanka ta yi ta juyawa ba tsayawa. Niyyar mai kyau ce, sakamakon ba shi da kyau: injin ba ya kai zafin aikinsa na kusan digiri 90, kwamfuta ta ɗauka har yanzu safiya ce, ta ci gaba da ƙara mai, ga kuma saurin cinyewar ƙarfe. Bayan waɗannan a duba fulogi, nozul mai yoyo, birkin da ke riƙe taya, saitin ƙafafu, da kaurin baƙin mai, domin wanda ya fi abin da littafi ya ce kauri yana cin kashi 1 zuwa 2. Matatar iska mai datti kuwa, a motar kafireta tana ƙara shan mai, amma a mai nozul ƙarfi ta fi ragewa, saboda kwamfuta tana daidaita mai da iskar da ta samu.

Wuri ɗaya ne zan yarda ka haura lamba a motar da ba ta nema ba: idan kana shan 91 mai kyau amma kana jin ƙwanƙwasa a tudu. Tsohon injin yakan tara baƙin gawayi a kan fistin, wanda ke rage fili ya ƙara matsi, ya kuma riƙe zafi, sai buƙatarsa ta oktan ta ɗan hau. Ka gwada tanki ɗaya na 95. Idan ƙarar ta ɗauke, ka san inda matsalar take, kuma kana iya ci gaba da shi kafin a yi gyara. Idan ba ta ɗauke ba, kada ka ƙara lamba, ka kai wa makanike ya duba lagireto da hanyoyin ruwa, bawul ɗin da ke mayar da hayaƙi cikin injin, irin fulogin da aka sa, saitin lokacin wuta, da ita kanta na'urar sauraron ƙwanƙwasar.